Barimar Baba da Bangon Alƙibla

Ƙarar ba ta fi ta ɓera a cikin buhun masara ba. Ƙur, ƙur, ƙur, sai a dakata, sai a ci gaba. Ina durƙushe a ɗakinmu na kara faranti a jikin bango don ya tare garin da zai zubo, ina jiran bakin ƙarfen ya leƙo. Ta can ɗaya gefen mijin maƙwabciyata ne yake murzawa, ita kuma tana ta ce masa ya bi a hankali kada ya tsaga wa Yaya bango. Ni ce Yayar. Da tsinin ya ɓullo, farin gari ya zubo kamar an tankaɗe shinkafa, 'yata ta kwanta rub da ciki ta kara ido, ta ce ta hango ƙafar Anti.

A unguwar Bin Omran ne, wajen shekara ta dubu biyu da shida, lokacin da Doha ta zama kamar an kwance ta ana sake ɗaurawa. Ko'ina gini, haya kuma ta yi tashin gwauron zabi. Gidan da muke ciki na iyali ɗaya ne a da, sai wani Bamisire ya karɓi hayarsa ya yanyanka shi da wani farin allo mai kama da alli, wanda in ka ƙwanƙwasa sai ya amsa kamar ganga. Babban falon aka raba biyu, rabi namu, rabi na duk wanda Allah Ya kawo. Allon yana barin sauti ya wuce amma ba ya barin magana. Za ka ji ana gunaguni, ba za ka san me ake cewa ba.

Kafin su zo, wasu 'yan Indiya ne a wancan rabin, kafin su kuma 'yan Filifin. Shekarun nan suka saba mini da wani abu da ban lura na saba da shi ba. Hausa ta zame mini kamar ɗaki mai makulli. A kanti, a asibiti, a cikin mota, in faɗi abin da na ga dama, babu mai ji sai maigidana da 'yata da Ubangijina. Har addu'a na koma yi a bayyane, da murya irin ta hira, abin da ban taɓa yi a Funtuwa ba, inda katanga ma kunne gare ta.

Sannan ga alƙibla. Mu da muka tashi ana ce mana mu fuskanci gabas, a Doha yamma ake kallo. Na daɗe kafin jikina ya yarda. Yammacin ɗakinmu kuwa shi ne bangon allon nan, a gindinsa nake shimfiɗa darduma.

Ita amarya ce aka kawo ta daga Gusau. Mijinta direba ne a kamfanin gine-ginen da maigidana yake shugaban direbobi, maigidan nawa ne ma ya nuna musu ɗakin. Kwananta uku na ji kuka ta cikin allon, kukan da ake danne shi da filo. Na dama kunun gyaɗa na ƙwanƙwasa mata. Da ta ji na yi sallama da Hausa sai ta riƙe hannuna har kunun ya kusa zubewa. Tun ranar ta ce mini Yaya, ni kuma Amarya na ci gaba da kiranta har bayan amarcin ya tsufa. Na nuna mata shagon Basudanen da ke kawo kuɓewa busasshiya, na koya mata abin da za ta ce wa mai tasi, da yadda ake cire gishirin ruwan nan daga gashi. Ba ni da ƙanwa a garin, Allah Ya ajiye mini ita a bayan allo.

Kaɗaici ne ya kawo maganar hudar. Mu muna da dish na kama tashoshin talabijin a saman gida, su ba su da shi, ita kuma wuni take yi tana kallon silin. Na ce wa maigidana me zai hana a ja musu waya daga namu, ko sallar Makka ta riƙa gani. Ya yarda, sai dai Bamisiren ya hana taɓa bango, mai gadin gidan kuma ɗan rahotonsa ne. Injin huda bango na lantarki in aka kunna, har titi za a ji. A nan na tuna da barimar Baba.

Mahaifina kafinta ne. Da ya rasu yayyena maza suka raba kayan shagon, ni na roƙi wannan kaɗai. Ƙarfe ne mai tsawon kamu ɗaya da wani abu, a murɗe kamar igiya, da ɗan tsini a baki, da mariƙin katako a gicciye wanda tafin hannun Baba ya goge har yana sheƙi. Ina ƙarama nake zama a gindin bencinsa ina tsince ɓawon katakon da ke fitowa a naɗe. Ban san me ya sa na sako ta a akwati zuwa Doha ba. Da hannuna na ciro ta daga cikin tsohon zane na miƙa wa mijin Amarya.

Hudar ta fi wayar faɗi, yatsa biyu na shiga. Makon farko muka mai da ita abin wasa. Ta kara baki ta ce, "Yaya, kin sauke ko in zo da kwanona in jira?" In tura mata ashana, ta turo mini allura. Daga baya muka gaji, tunda ƙofarta ba nisa. Ta ce za ta jawo sif ɗinta ta rufe wajen saboda kyankyaso. Ni kuma na manta da hudar kamar yadda ake manta ƙusa a bango.

A cikin kwanakin daɗin nan ne aka ce wa su 'yata a makaranta kowa ya kawo wani tsohon abu daga gida. Tana aji biyu lokacin. Ta nace sai barimar kakanta. Da ta dawo, Amarya na ɗakina tana jiran ta yi mata kitso, ta shigo tana cika tana batsewa.

"Umma, malama ta ce ba barima ba ne sunansa. Oga ne."

Amarya ta kwashe da dariya, ta ɗan rusuna wa ƙarfen. "Ranka ya daɗe, Oga. Ashe da manya muke zaune a gidan nan ba mu sani ba."

"Anti, ba irin wannan ba."

"To wane iri, Baturiya? Zo ki zauna kafin kan nan naki ya zama sheƙar angulu."

Ina da ƙamus na Turanci tun na sakandare, bangonsa ya rabu da shi. Na sa 'yata ta faɗo mini haruffan, muka samo kalmar, auger. Aka ce kayan aiki ne mai murɗaɗɗen baki da ake huda katako da shi, akwai kuma manya da ake huda ƙasa. Na ce ashe dogayen injinan da muke gani a wuraren gini suna cin ƙasa suna amayo ta, sunansu ɗaya da ɗan ƙarfen Baba. A ƙasa da ƙananan rubutu aka kawo asalinta. Wai tsofaffin kalmomi biyu ne aka haɗa, ɗaya cibiyar ƙafar keken doki, ɗaya mashi. Mashin huda cibiyar ƙafa ke nan. Da can ma da harafin n take farawa, bakin mutane ya cinye shi a hankali.

Na ajiye littafin a cinya. Baba ya sha huda cibiyar ƙafafun katako na amalanken 'yan dako, zamanin da tayar mota take wuya. Bai san ko harafi ɗaya na boko ba, amma ga wasu mutane a wata ƙasa mai sanyi, tun kafin kakannin kakanninsa, sun raɗa wa ƙarfen suna da aikin da yake yi da shi. Daga baya da na ba Basudanen kanti labari ya ce su ma barrima suke cewa, tamu daga wajensu muka aro. A ranar kuwa Amarya ta taɓa ɗan kunnenta, irin wanda ake ce wa barima, ta ce to ga autarsu nan a kunnenta. Har yau in na tuna ranar sai in ji ƙamshin man kitso.

Da zafi ya shigo sai kamfanin su maigidana ya gama babban aikin da ya riƙe su. Kafil, wato mai kamfanin da ya tsaya mana a ƙasar, ya tara shugabannin sassa ya ce khalas, an gama, ƙarshen bazara kowa ya san inda dare ya yi masa, amma duk wanda ya samu wani wurin zai sake shi ya koma can. Ƙananan direbobi irin mijin Amarya ba a taɓa su ba tukuna. A garin nan zamanka a hannun kafil yake. In babu shi babu iƙama, wato takardar izinin zama, babu makarantar yarinya, sai jirgi.

Akwai wani likita ɗan garin su maigidana da ke zaune a unguwar Aziziya, dattijon kirki. Shi ya kira maigidana ya ce wani abokinsa injiniya yana neman mutum ɗaya mai amana da zai riƙe masa sashen motoci. Abokin ya tafi hutu, in ya dawo zai haɗa su. Ya ce a bar maganar a rufe, don masu nema sun fi gurbin yawa. Maigidana ya gaya mini muna cin abinci, ya sauke murya ko da yake mu kaɗai ne.

"Ko 'yar ɗakin nan taki kada ta ji."

"Haba Malam. Wa zan gaya wa in ba Allah ba?"

Shi kuwa na gaya wa. Kullum in na sallame walaha sai in sake kifa goshina a darduma in yi ta magana. Na ambaci Likita, na ambaci abokinsa, na roƙi Allah Ya dawo da shi lafiya Ya karkato zuciyarsa. Sannan in faɗi abin da ko maigidana ban taɓa gaya wa ba. Innata ƙafafunta sun daina ɗaukarta, matan yayyena ne ke juya ta, ni ina nan ina shan sanyin na'ura. Ina cewa, ya Allah, in zaman nan ne alheri Ka tabbatar mana, in kuma gida ne Ka mayar da mu, wallahi na gaji da garin nan. Ina faɗa ina kuka, in share ido in tashi in ɗora girki, zuciyata wasai. Hutun makaranta ne, waje kamar tanda, ni kuma ba na barin talabijin a kunne in zan yi salla, don haka 'yata wajen Anti take tafiya kallon katun da hantsi.

Bazara ta yi nisa, shiru. Na ce wa maigidana ya buga wa Likita mana. Ya ce ba a yi wa babba naci, wanda ya ce zai kira ka zai kira. Sai da wa'adin kafil ya matso sannan ya shirya wata Juma'a ya tafi Aziziya gaisuwa.

Ya dawo bayan la'asar. Na kawo abinci bai buɗe ba. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa ya daɗe yana kallonta.

"Wa kika gaya wa?"

"Me fa?"

"Likita ya ce ƙanena ya je wajensa. Ya ce ni na aiko shi. Wai mun yanke shawarar komawa gida, kunya ta hana ni zuwa da kaina, na ce a ba shi gurbin." Ya nuna bangon su Amarya da haɓa. "An kai shi wajen injiniyan. Har an mayar da iƙamarsa can."

Na ce ai sai Likita ya tambaye shi kafin ya yarda.

"Ya ce ya so ya kira, sai ya ga kada ya tona mini abin da na ɓoye. Don yaron ya kawo masa dalili. Ya ce surukata ba ta tafiya. Ya ce iyalina kullum da hantsi sai ta yi kuka tana cewa ta gaji da garin nan." Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. "Kin gaji da garin nan?"

Maganata ce, ba a canza ko kalma ɗaya ba, ta zagaya ta Aziziya ta dawo mini a bakin mijina. Na rantse masa ban gaya wa kowa ba. Bai ce na yi ƙarya ba, bai kuma ce ya yarda ba. Ya ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, ya tashi ya yi alwala.

Da na shimfiɗa darduma don magariba, na kai goshi ƙasa, sai na ga wayar. Baƙa, ta fito daga bango daidai inda bakina yake sauka, da ɗan haske a kewayenta. In da sif a bayan hudar, da ba za a ga haske ba. Ban san me na karanta a sallar nan ba, sai da na sake ta.

Washegari da mazan suka fita na shiga wajenta. Cikinta ya fito sosai lokacin, tana zaune a ƙasa tana tsince shinkafa. Sif ɗin yana can wani bango.

"Yaya, sannu da zuwa. Kin ganni kamar an jiƙa tsumma."

"Na ji maigidanki ya samu sabon aiki. Allah Ya sanya alheri."

Hannunta ya tsaya a cikin tiren. "Amin. Ni ma jiya-jiyan nan yake gaya mini. Kin san maza da ɓoye-ɓoye."

"Amarya, kina jin maganata ta hudar can?"

"Wace huda? Au, wannan. Ni me zan ji, Yaya, talabijin a kunne wuni guda? Ko kiran salla da ƙyar nake ji." Ta ci gaba da tsintar, tana ture tsakuwar da babu ita. "Abin nan rabo ne. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Wallahi tallahi, in na taɓa..."

"Kada ki rantse," na ce. "Ba ke kaɗai ba ce a jikin nan."

Na lura ƙafafunta sun kumbura, har na buɗe baki zan ce ta riƙa ɗora su a kan filo, sai na haɗiye. Na tashi na fito.

Abin da ya fi cina a makonnin da suka biyo baya shi ne rashin tabbas. Ta ce ba ta ji ba. To in mijin ne ya ji wata ranar da bai fita ba fa? In wani ne a kamfani ya tsegunta masa zancen gurbin, sauran kuma ya ƙirƙira ya dace? Mun karanta tun a islamiyya cewa wani sashe na zato zunubi ne. Sai in kwana ina tuhumarta in tashi ina neman gafarar tuhumar. Yarinyar da na dama wa kunu, wadda na riƙe wa kai tana amai farkon cikinta. Na fi son a ce ni ce mai mugun zato.

Maigidana ya cusa tsumma a hudar, ya bar musu wayar. Ya buga ƙofofi da dama, ba a dace ba. Likita ya ji kunya ƙwarai, ya yi iya ƙoƙarinsa, amma gurbi ɗaya ne kuma an cike shi. Mijin Amarya ya koma fita tun kafin a buɗe ƙofar gida don kada su haɗu. Ita kuma ta aiko 'yata da tuwo sau biyu. Na karɓa, don ba a mayar da abinci, na ba mai gadi. Addu'a kuwa ta koma cikin ƙirjina. Ko da tsumman a wurin, in na buɗe baki sai muryar ta ƙi fita. Na san Allah Yana jin wadda ba a furta ba, amma hirar nan da na saba yi da Shi an shiga tsakaninmu, kuma ban san wa zan kai wa ƙara ba.

Muka cire yarinya daga makaranta ana gab da dawowa daga hutu, an riga an ɗinka mata sabon yunifom. Muka sayar da abin da zai sayu, muka rabar da saura. Tsakanina da maigidana babu faɗa, sai dai wata ladabtacciyar magana irin ta baƙi, wadda ta ɗauke mu lokaci mai tsawo a Funtuwa kafin ta narke.

Ana jibi za mu tashi ya ce mu je Corniche, titin bakin ruwa, yarinya ta yi sallama da teku. Da yamma ne, iska ta ɗan sassauta, jiragen katakon nan suna ta rangaji a bakin ruwa. Ya yi gaba shi kaɗai, hannuwa a baya. Ni da ita muka zauna a kan dakali tana shan abin sanyi yana zuba a rigarta.

"Umma, Anti za ta raka mu filin jirgi?"

"Anti ba ta da lafiya."

"To za mu shiga mu yi mata sallama?"

Na ce mu gani. Ta dube ni irin kallon da yara ke yi in sun gane ana kewaye musu.

"Kin daina shiga wajenta. Fushi kike yi da ita?"

"Sha abinki, yana narkewa."

Ta lashi gefen hannunta, tana kaɗa ƙafafu, idonta a kan jiragen.

"Ita kuwa tana sonki, Umma. Kullum in kin fara addu'a sai ta kashe mini sautin katun, ta ce in yi shiru. Ta je ta zauna a jikin bango. In kina kuka ita ma sai ta yi ta kuka, tana cewa amin."